Sunan da Bature Ya Bari a Bukuru

Ranar da aka kawo Baturen sashen gashin ƙashi, Musbahu bai san da zuwansa ba sai da ma'aikaciyar da ke karɓar marasa lafiya, wata 'yar Filifin mai yawan raha, ta miƙo masa fayil tana murmushi. Ta ce, "Yau dai ga ɗan'uwanka an kawo maka."

Ya duba bangon fayil ɗin. Dennis Walker, ɗan Ingila, injiniyan ruwa, shekara sittin da shida. Shanyewar ɓarin jiki, gefen hagu, kwana goma sha ɗaya da faruwa. Ya sake karanta sunan a hankali, sannan ya kai hannu ya taɓa katin aikin da ke rataye a wuyansa, inda aka rubuta Musbahu Jibirilla Walker.

Shekararsa shida yana aiki a wannan asibiti mai zaman kansa da ke arewacin Riyad, kuma babu watan da zai wuce ba a tambaye shi labarin sunan nan ba. Larabawan da suke aiki tare, waɗanda kowannensu zai iya jero maka kakanninsa har bakwai, sukan tambaye shi wace ƙabila ce wannan. 'Yan Najeriya kuwa, in an haɗu a unguwar Batha ranar Juma'a, da sun ji sunan sai su ɗauka musulunta ya yi da girmansa, har wani ya taɓa yi masa barka da shigowa. Shi dai dariya yake yi ya ce sunan kakansa ne, ya sauya zance.

A gida Bukuru ba wanda yake cewa Walker. Waka ake cewa. Gidan Waka, garejin Waka, 'ya'yan Waka. Mahaifinsa, Malam Jibirilla, tsohon direban babbar mota ne da ya koma gyaran inji da ƙarfi ya fara ja baya, dogo, fari sol, mai laushin gashi da idanu kamar na mage. Mahaifiyar Malam Jibirilla, Delu, daga Damagaram ta zo tana budurwa, zamanin da haƙar kuza ke jan mutane daga ko'ina, ta zauna a gidan wani Baturen kamfani shekara biyu. Da lokacin tafiyarsa ya yi, ya bar ta da cikin wata biyar da takarda guda. Musbahu ya karanta takardar tun yana sakandare. Layi uku ne: mai ɗauke da wannan takarda ta yi wanki da guga a gidana shekara biyu, tana da gaskiya da tsafta. Sai sa hannu, J. Walker. Babu zancen ciki, babu adireshi. Kowa kuma ya san a gidajen Turawa maza ne ke wanki.

Malam Jibirilla ya san abin da ke cikin takardar. Amsarsa kullum ɗaya ce: "Bature ba ya rubuta irin wannan magana a takarda. Amma ai ya sa hannu." Shekara saba'in da bakwai ke nan yana jiran wani ya zo daga wajen mai sa hannun.

Musbahu ya tarar da Baturen a keken guragu, an jingine shi da filo, gefen bakinsa ya ɗan karkace. Siriri ne, mai sanƙo, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja. Maganarsa tana fita, sai dai da nauyi. Da ya ga katin Musbahu sai ya ƙura masa ido, ya yi rabin murmushi, wanda da ma iyakar abin da fuskarsa za ta iya ke nan.

Ya ce, "To, mun zama mu biyu."

A ranar ba su yi wata hira ba. Musbahu ya lanƙwasa masa gwiwa, ya miƙar, ya matsa yatsun hannun da suka dunƙule, ya rubuta abin da ya gani. Amma da ya koma gida unguwar Al-Oud da la'asar, bayan ya sha cunkoson titi da zafin da na'urar sanyaya mota ta kasa karyawa, ya kira Bukuru kamar yadda ya saba kowace Talata. Bayan gaisuwa da tambayar ciwon ƙafa, hira ta ƙare, sai ya ji bakinsa ya ce, "Baba, ka san yau an kawo mana wani Bature mai irin sunanmu?"

Magana zarar bunu. Tun kafin ya rufe baki ya ji numfashin tsohon ya sauya.

"Waka? Daga Ingila?"

"E, amma Baba..."

"Shekararsa nawa?"

Ya faɗa masa. Ya ji shi yana lissafi ƙasa-ƙasa. Can ya ce, "Na girme shi da goma sha ɗaya. In ubana ya koma gida ya yi aure, ai daidai ke nan. Musbahu, ka tambaye shi sunan ubansa."

Sai da aka kwana huɗu kafin ya iya tambaya. Ranar ya tsayar da Mista Walker tsakanin ƙarafa biyu na koyon tafiya, yana riƙe da ɗamarar da ke ƙugunsa. Baturen ya yi taku uku, gumi ya jiƙa masa riga, ya nemi a zaunar da shi. Suna hutawa Musbahu ya ba shi labarin Delu da takardar, a gajarce, idonsa na kan ƙasa.

Mista Walker ya saurara har ƙarshe. Ya ce sunan mahaifinsa Harold. Direban bas ne a wani gari a arewacin Ingila, bai taɓa hawa jirgin ruwa ba, ko teku ma bai cika son gani ba. Kakansa kuma a ramin kwal ya ƙare rayuwarsa. Baffa ɗaya gare shi, ya mutu a yaƙi yana saurayi.

Musbahu ya ce, "Amma ko ta wani reshe na dangi? Tunda sunan ɗaya ne."

Baturen ya girgiza kai. Ya ce ai nan ne wahalar take. Sunan nan ba na mutum ɗaya ba ne da za a ce kowa daga tsatsonsa ya fito. Sunan sana'a ne. Shekaru ɗari bakwai ko takwas da suka wuce, in masaƙa sun gama saƙa zanen ulu, akan jefa shi a kwami da ruwa da wani irin yumɓu, wani lokaci har da fitsarin da ya kwana, sai a sa wani ya shiga da ƙafa ya yi ta takawa daga safe har yamma, har zanen ya yi kauri, maiƙonsa ya fita. Mai wannan takawar shi ake kira Walker a arewacin ƙasar. A kudu Fuller ake ce masa, can yamma kuma Tucker. Duk garin da ake saƙa yana da nasa mai takawar, kuma babu abin da ya haɗa na wannan gari da na wancan sai wari da ciwon ƙafa.

Ya ce wata yayarsa ce ta damu da irin waɗannan abubuwa, ita ta cika masa kunne da su. Ya sa Musbahu ya miƙo masa wayarsa, ya lallatsa da hannunsa mai lafiya, ya nuno masa taswirar Ingila da aka yi wa launi bisa yawan masu sunan. Arewa ta yi duhu, sauran ƙasar ma babu inda ya fita fes.

"A Ingila kaɗai mun haura dubu ɗari. In ka jero sunayen da suka fi yawa, ba za ka ƙirga ashirin ba sai ka zo kanmu. A Amurka sun ninka haka, da yawansu kuma baƙaƙe ne kamarka, jikokin bayin da aka laƙaba wa sunan ubangidansu. Harafin nan na J kuwa, ko John ne, ko James, ko Joseph, ko Jack." Ya ajiye wayar a cinyarsa. "Ban so na zama ni ne mai faɗa maka ba."

Musbahu ya gane sarai. Kamar a ce wani ya sauka Kano da takarda mai sa hannun "Maƙeri", ya ce yana neman danginsa. Ya yi godiya, ya ɗaga Baturen suka ƙara taku biyu.

Da yamma wayarsa ta yi ta ƙara yana kallonta. Sai a kira na uku ya ɗauka. Ya yi niyyar faɗar gaskiya, har ya tsara yadda zai fara. Amma tsohon bai bar shi ya kai ga nan ba. Muryarsa ta yi wani irin haske da Musbahu ya manta rabon da ya ji shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ya ce ya kasa cin abinci, ya ce ya sa an ciro takardar daga akwati.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba shi da tabbas, Baba. Dangin suna da yawa."

"Ai da ma. Babban gida ne. Ina so in gan shi da idona. Rabi ta ce ana iya yi ta waya."

Rabi'atu yayar Musbahu ce, ita take riƙe da tsohon tun da ƙafarsa ta fara ba shi wahala. Ta karɓi wayar ta ce, "Don Allah ka yi ƙoƙari. Kwana biyun nan kamar an sake shi. Jiya har masallaci ya taka da kansa."

Mista Walker bai ƙi ba. Aka sa ranar Alhamis da azahar. Musbahu ya jingine wayar a jikin kwalbar ruwa a kan teburin da ke gefen gado, ya zauna kusa don ya yi tafinta. Da hoton ya buɗe, sai ya ga mahaifinsa zaune a kujerar tsakar gida, ya saka babbar rigarsa ta Sallah mai ruwan toka, ya kafa hula, an rage masa gemu. A bayansa jikoki sun yi cirko-cirko, Rabi'atu tana kora su da hannu ɗaya.

Tsohon ya ƙura wa Baturen ido. Sannan ya gyara zama ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya yi addu'ar samun sauƙi. Musbahu ya juya wa Baturen. Shi ma ya mayar da gaisuwa gwargwadon iyawarsa.

Malam Jibirilla ya ce, "Ka gaya masa ba na neman komai a wajensu. Na yi aikina, na gina gidana, na aurar da 'ya'yana. So nake kawai in san cikakken sunansa, in san inda aka binne shi. In kuma ya taɓa ambaton Bukuru ko sau ɗaya ne, a gaya mini."

Musbahu ya juya maganar kalma bayan kalma. Baturen ya dubi Musbahu. Ya ce, "Ka ba shi haƙuri. Ka ce masa mahaifina bai taɓa zuwa Afirka ba, kuma ba na jin mun haɗa jini. Da na so a ce mun haɗa."

Musbahu ya dubi fuskar da ke cikin wayar. Tsohon ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, bakinsa a ɗan buɗe.

"Ya ce ya gode, Baba. Ya ce bai san labarin ba, amma zai bincika in ya koma gida."

"Alhamdu lillahi." Tsohon ya juya gefe. "Rabi, zo ki duba. Dubi hancin. Dubi yadda goshin ya tafi."

Aka kashe wayar. Mista Walker yana kallon silin ya ce, "Ba ka faɗa masa ba."

"Ban faɗa ba."

"Na gani a fuskarsa." Ya juyo ya dube shi. "Me ka ce na ce?"

Musbahu ya gaya masa. Baturen ya ce to, tunda an riga an yi alkawari da bakinsa, zai cika. Ya nemi hoton takardar da shekarun da Delu ta yi a gidan.

Ya kuwa yi ƙoƙari. Makonni uku da suka biyo baya, duk sanda Musbahu ya shigo sai ya tarar da shi da kwamfuta a kan ciki, yana laluben tsofaffin jerin sunayen fasinjojin jiragen ruwa da ɗan yatsa ɗaya. Yayarsa ma tana taya shi daga can. Sun samo masu suna Walker da harafin J har goma sha huɗu da suka sauka Ikko a shekarun. Wani malamin mishan ne, wani ma'aikacin jirgin ƙasa, wasu an rubuta musu "ma'aikacin kamfani" kawai. Wanda ya zo ta jirgin sama ko ta Fatakwal kuwa ba ya ma cikin lissafin. Kullum aka ƙara bincike sai sunayen su ƙaru maimakon su ragu.

Ana cikin haka kamfaninsa ya yanke shawarar mayar da shi gida ya ci gaba da jinya a can. Shekara ashirin da biyu ya yi a Saudiyya, ba mata, ba ɗa, kayansa duka akwati uku. Ranar tafiyar Musbahu ya taimaka aka saka shi a motar da za ta kai shi filin jirgin Sarki Khalid. Yana iya taku goma sha biyar da sanda a lokacin. Ya kama hannun Musbahu ya ce zai ci gaba da dubawa, amma kada ya sa rai. Ya ƙara da cewa, "Kuma ka faɗa wa tsohon nan. Ba yaro ba ne."

Musbahu ya ce zai faɗa. Ya yi wata guda bai faɗa ba. Kowace Talata sai ya ce ana nan ana bincike, mutumin bai gama warwarewa ba. Matarsa Jamilatu, wadda take jin duk wayoyin daga kicin, ta ce masa ramin ƙarya fa ƙurarre ne. Ya ce ya sani, ta ƙyale shi.

Rabi'atu ce ta kira shi wata Laraba yana tsakiyar aiki, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Baba fa ya sa an kai shi Jos an ɗauke shi hoton fasfo. Ya ce kafin ƙafar ta ƙi gaba ɗaya zai je ya ga kabarin ubansa. Duk unguwa an san ya samu ƙaninsa a Saudiyya, jiya har abokansa na gareji suka zo yi masa murna. Musbahu, gaya mini tsakaninka da Allah, mutumin nan ɗan'uwanmu ne?"

Ya ce, "A'a, Yaya."

Ta ce, "To kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ni ba zan iya ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, bai wuce gida ba. Ya ajiye mota a inuwar katangar maƙabartar Al-Oud, inda ba kowa a wannan lokaci saboda rana, ya bar injin yana aiki, ya kira. A Bukuru hantsi ne, tsohon yana shirin wanka.

Ya faɗa masa komai. Direban bas, ramin kwal, kwamin ulu da masu takawa, dubu ɗari a Ingila, goma sha huɗu a jiragen ruwa. Ya faɗa masa abin da Baturen ya ce ranar Alhamis ɗin nan da abin da shi ya juya. Ya nemi gafara. Duk tsawon bayanin tsohon bai katse shi ba, sai carar zakara da ake jiyowa daga nesa.

Da ya gama, Malam Jibirilla ya ce, "Sake gaya mini sana'ar."

Ya sake.

"Da ƙafa?"

"Da ƙafa, Baba."

"A cikin fitsari." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji. "Ni kuwa na ɗauka sunan wani gida ne. Da ana ce mini barbarar yanyawa ina yaro, sai in ce a raina ku dai ba ku san gidanmu ba ne."



Tsohon ya ce, "Ka san Malam Badamasi?"

"Mijin Kaka Delu? Ina jin sunansa."

"Ba ka san shi ba, ya rasu kafin a haife ka. Kafinta ne. Ya auri uwata ina da shekara uku, lokacin da ko gaisuwarta wasu ba sa amsawa. Shi ya sa ni makarantar allo, shi ya yi mini kaciya, shi ya ɗauke ni a kafaɗa zuwa asibitin mishan da ƙyanda ta kusa kashe ni. In yaran unguwa suka jefe ni, shi yake bin su gida-gida. Jibirilla Badamasi ake kirana har na kai ashirin." Ya tsaya ya yi tari. "Ranar da zan karɓi lasin tuƙi, shi ya raka ni. Akawu ya ce sunan uba. Yana tsaye a gefena, kafaɗarmu tana gugar juna. Na ce Waka."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Da muka fito ya saya mini rake. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Ina ta cewa sai ranar da aka zo daga can, sai in nuna masa ba raina shi na yi ba, gaskiyata na bi."

Wata motar ɗaukar gawa ta shige ta ƙofar maƙabartar a hankali, mutum biyar ko shida suna bin ta a ƙasa. Musbahu ya bi su da ido har suka ɓace.

"Baba, ka yafe mini."

"Ba ka yi mini komai ba. Je ka ci abinci, rana ta yi a wajenku."

Daga ranar bai sake tambayar Baturen ba. Wayar Talata ta koma gaisuwa da addu'a, minti uku an gama. Rabi'atu ta ce ya daina fita ƙofar gida, don kada a tambaye shi labarin ƙaninsa. In abokansa suka zo sai ya ce a ce yana barci. Ya sa an nemo masa jikokin Malam Badamasi ta wajen uwargidansa, aka ce sun watse tun rikicin da aka yi, wasu suna Bauchi, wasu ba a san inda suke ba. Sau ɗaya ya sa aka kai shi tsohuwar maƙabartar garin, ya yi ta zagaye da sanda, bai gane kabarin Malam Badamasi ba, ciyawa ta cinye ko'ina.

Musbahu ya nemi hutu. Shugaban sashen ya ce ma'aikata biyu sun tafi, ya jira zuwa Oktoba. Bai matsa ba, kuma ya san dalilin da ya sa bai matsa ba: yana jin nauyin haɗa ido da tsohon.

A cikin Agusta, wata Litinin da misalin sha ɗaya na safe, yana gasa wa wani dattijo Balarabe kafaɗa, wayarsa ta yi ta motsi a aljihu. Da ya fito baranda ya duba, kira tara daga Rabi'atu. Ta ce Baba ya cika bayan asuba, yana zaune a kan buzunsa. Za a yi jana'iza da azahar. Kafin a buga masa bizar fita da dawowa a samu jirgi, kwana uku sun wuce. Ya isa ya tarar da ƙasar kabarin ta fara kwanciya saboda ruwan sama.

Rabi'atu ba ta yi masa faɗa ba. Ta ba shi abinci, ta nuna masa kayan da za a raba. Sai ranar da zai dawo, tana ɗaure masa kuka da daddawa a leda, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Likita ya ce zuciya ce, kuma kwana ne ya ƙare, na sani. Amma da ka bar shi da abinsa. Saura nawa ne ya rage masa?"

Ya ce, "Ke kika ce in kwance."

"Na ce." Ta ƙulle ledar. "Ni ma ban yafe wa kaina ba."

Ya dawo Riyad ya ci gaba da aiki. Zafi ya fara sauka, aka shiga sanyi. A farkon Disamba saƙo ya shigo masa daga Mista Walker, dogo, cike da kurakuran mai rubutu da hannu ɗaya. Ya ce yanzu yana iya zuwa shagon kan kwana da sanda. Ya ce shi da yayarsa sun tace sunayen nan sun koma uku, duka sun yi aiki da kamfanonin haƙar ma'adinai. Ɗaya ya mutu a Ostareliya, ɗaya ba a san ƙarshensa ba, na ukun yana da 'ya da take raye a gidan tsofaffi, ta haura tamanin. Babu tabbas ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa taka Bukuru. Ya tambaya ko ya rubuta wa matar, ya kuma ce a gaishe masa da tsohon.

Musbahu ya karanta a ɗakin cin abincin ma'aikata, shinkafarsa tana hucewa. Ya yi tunanin tura wa Rabi'atu, ya fasa. Tun dawowarsa wayarsu ba ta wuce yaya yara, yaya sanyi. Ya nuna wa Jamilatu da yamma, ta karanta ta miƙo masa wayar, ta ce shi ya san abin da ya fi.

Sai da ya kwana tara sannan ya ba da amsa. Ya rubuta cewa mahaifinsa ya rasu a watan Agusta, ya riga ya san gaskiya kafin rasuwarsa, kuma ya gode da wahalar da suka sha. Game da matar, ya ce a ƙyale ta. Tsohuwa ce, ba ta san komai ba, bai ga amfanin a tayar mata da hankali a kan abin da ba a tabbatar ba. Ya ƙara da tuna masa ya riƙa motsa yatsun hannun hagun sau uku a rana, ko da ba ya jin suna amsawa.